Ƙanina ya ƙi cin naman layyar Baba, anya ba ilimin aƙidar ne gubar ba?

Saƙon wannan satin daga wata 'yar uwa ne a Agege, tace in sakaya sunanta. Na ɗan rage masa tsawo amma maganarta ce.

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki bani shawara kaina ya ƙulle. Mu 'yan asalin Katsina ne amma a nan Agege aka haife mu, Babanmu ya haura shekara arba'in a Legas, ɗan Tijjaniyya ne tun tasowarsa, wazifa da zikirin Juma'a basa wuce shi. Ƙanina shekararsa 24, da okada yake yi, tunda aka hana okada a 2022 aka kama mashin ɗinsa ya zauna ba aiki sai waya, ya shiga karatun aƙida a wani guruf na WhatsApp. Da farko har murna muka yi dan ya bar yawon banza ya kama sallah. To yanzu ya daina bin Baba sallah, ranar babbar sallah Baba ya yanka ragonsa Mama ta soya ta zuba a kwano na kai masa ɗaki da hannuna, wallahi Anti yadda na kai haka ya dawo da shi ko buɗewa bai yi ba, wai baya cin yankan mushriki. Baba yana zaune kan buzunsa yana ji, bai ce uffan ba, amma tun ranar jininsa ya hau bai sauka ba. Ni yanzu na tsani duk wata maganar aƙida da tauhidi, gani nake shi kansa ilimin ne masifa duk wanda ya shiga sai ya fito da ƙiyayya, har na cewa maigidana mu cire yaranmu uku daga islamiyya su tsaya iya Ƙur'ani da sallah. Wani lokacin har wasu tunani suke zuwa min akan addinin gaba ɗaya waɗanda nake tsoron faɗa. Shin ilimin nan asalinsa cutarwa ne? kuma ni na fita daga musulunci ne da wannan tunanin?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau uku na karanta saƙon nan, kuma duk sanda nazo wurin kwanon da ya dawo a rufe sai na ajiye wayar, dan na san yadda tsoho yake haɗa kuɗin rago a garin nan, tun azumi yake cire ɗan abu daga ciniki yana ɓoyewa, yaje kara yayi ta jan ciniki da dillalai cikin rana, a ɗauro ragon a keke a kawo gida, ba dan komai ba sai dan 'ya'yansa su ci suce Baba Allah ya maimaita mana. Allah ya bashi lafiya ya sanyaya masa rai.

Zan fara da tambayarki ta ƙarshe dan na san ita ce take hanaki bacci. Baki fita daga musulunci ba. Sahabbai da kansu sun je wurin Manzon Allah (SAW) suka ce muna jin wani abu a ranmu wanda ɗayanmu yake ganin girman ya furta shi, ya tambaye su kun ji hakan? suka ce eh, yace wannan shine tsantsar imani, hadisin yana cikin Muslim, kuma malamai suka ce tsoron nan da mutum yake ji shine imanin. Annabi Ibrahim ma ya roƙi Allah ya nuna masa yadda yake raya matattu, Allah yace ko baka yi imani bane, yace nayi sai dai dan zuciyata ta natsu, ki duba Baƙara aya ta 260. Ke abin da kike ƙi shine wulaƙancin da aka yiwa mahaifinki da sunan Allah, kuma duk 'yar halak sai ta ji haka. Ki cigaba da sallarki, in tunanin yazo kiyi a'uziyya ki tashi ki kama wani aiki, kar ki zauna kina bincikar kanki kamar mai laifi.

Toh sai babbar tambayar. Bazan baki amsar nan da muka saba ba wai ai ilimi ba ruwansa laifin mutane ne kawai, dan rabin gaskiya ce kuma ke ba yarinya bace. Abin da mutum ya ƙudurce a ransa game da Allah yana da ƙarfin da zai sa shi ya ɗauki makami. Wanda ya sari Sayyidina Ali a masallacin Kufa da asuba cikin Ramadan na shekara ta 40 bayan hijira ba mashayi bane ba ɓarawo ba, Ibn Muljam makarancin Ƙur'ani ne cikin Khawarijawa, mutanen da suka fi kowa sallar dare da azumi, wata fahimta ce ta shiga kansu cewa wanda ya yarda mutane su yi sulhu a tsakani ya bar hukuncin Allah ya kafirta, shikenan jininsa ya halatta. A shekara ta 218 bayan hijira, wato 833, halifa Ma'amun da ya riga ya ɗauki ra'ayin Mu'utazilawa cewa Ƙur'ani halitta ne ya maida shi dokar gwamnati, ana kiran malamai da alƙalai ana musu tambaya, wanda ya ƙi a ɗaure, Imam Ahmad bin Hambal sai da yayi wajen shekara biyu a tsare aka yi masa bulala har ya suma a zamanin Mu'utasim. Kiristoci ma sun sha nasu, yaƙin Katolika da Furotesta a Turai daga 1618 zuwa 1648 miliyoyi ya ci duk da akwai siyasa a ciki. Mu kuma a nan ba sai an bamu labari ba, rikicin Maitatsine a Kano a Disambar 1980 ya ci sama da mutum 4,000, sannan ranar 28 ga Nuwamba 2014 aka tada bam a babban masallacin Juma'a na Kano ana tsaka da sallah, waɗanda suka yi abin a tunaninsu mutanen da ke sahu ba musulmi bane. Dan haka tsoronki yana da tushe, duk wanda yace miki babu to bai yi miki adalci ba.

Amma ki lura da kyau, duk waɗannan da na lissafa miki ta ƙofa ɗaya suka shigo. Ilimin aƙida gida ne babba, yawancin ɗakunansa magana ce akan waye Allah, sunayensa da sifofinsa, annabawa, mala'iku, ranar lahira, ƙaddara, duk abu ne tsakanin bawa da Ubangijinsa. Sai ɗaki guda ɗaya can ƙurya, wanda ake maganar me yake fitar da mutum daga musulunci kuma wa yake da ikon cewa wane ya fita. Malaman da can basa buɗewa ɗalibi wannan ɗakin sai ya yi shekaru, ya gama Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ya san nahawu, ya zauna gaban malam ya ga yadda yake karɓar baƙo da yadda yake cewa ban sani ba. Imam Ghazali wanda ya rasu a 1111 ya kwatanta ilmul kalam, wato karatun aƙida da hujjojin hankali, da magani mai haɗari, yace akwai amfani a cikinsa akwai cuta, sai ƙwararren likita zai bada shi, lokacin buƙata kuma daidai buƙata. Ke kin san tramol ai, a asibiti bayan tiyata rahama ne, amma kin ga abin da ya mayar da yaranmu a bakin tasha. Abin da ya canza a zamanin nan shine makullin ɗakin nan ya faɗo cikin waya, odiyo na minti uku, bidiyon TikTok da aka yanko daga tsakiyar karatun awa biyu, yaro bai iya karanta layi ɗaya na larabci ba wasali ba amma ya haddace abubuwa goma masu warware musulunci yana yawo da su yana gwadawa akan mutane, kuma wa ya fi kusa da shi? ubansa.

Akwai wani tarihi namu na gida da nake so ki riƙe dan kamar gidanku aka kalla aka rubuta shi. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tun yana yawon wa'azi kafin hijirarsa ta 1804 daga Ɗegel zuwa Gudu, an samu wasu ɗalibai da suka ɗan karanci ilmul kalam, irin karatun sifofin Allah ashirin da hujjojinsu na hankali, sai suka fara tare talakawa suna musu jarrabawa, manomi da makiyayi da tsohuwa, kawo hujjar samuwar Allah yadda littafi ya tsara, in ka kasa to kai ba musulmi bane. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa har yaɗawa suka yi wai ba a cin yankan gama-garin musulmi kuma ba a auratayya da su dan tsoron kar ace basu san tauhidi ba. Kin ji ko, yanka, daidai maganar ƙaninki, sama da shekara 200 da suka wuce. Me Shehu yayi? bai ce a rufe makarantu a daina karanta tauhidi ba, zama yayi ya rubuta musu raddi, Bello yace rubuce-rubucensa akan wannan fitina kaɗai sun haura hamsin, yana nuna musu daga Ƙur'ani da hadisi cewa Manzon Allah yana karɓar shahadar balaraben ƙauye ba tare da ya yi masa jarrabawa ba, wanda ya furta shahada yayi sallah ana masa hukuncin musulmi zuciyarsa kuma a barwa Allah. Da ilimi ya kashe wutar da guntun ilimi ya kunna. Kuma wani abu da ya kamata ya sa kowa ya sunkuyar da kai, waɗancan ɗaliban littattafan da suke riƙe da su sune irin waɗanda zaurukan 'yan ɗariƙa suke karantawa har yau, yau kuma cutar ta ɓullo a hannun wasu masu riƙe da wasu littattafan daban, kinga ba gadon ƙungiya ɗaya bace. Ni na ji da kunnena ɗan ɗariƙa yana kiran maƙwabcinsa ɗan Izala maƙiyin Annabi, wannan kalma ita ma kafirtawa ce aka sa mata wata riga. Kai hatta shugabannin jihadin Sakkwato sai da Shehu Laminu na Barno, wato Alkanemi, ya rubuto musu wasiƙu yana tambaya da wace hujja ake kafirta mutanen Barno alhali suna sallah suna azumi, ƙofar nan manya ma da rawar jiki suke tsayawa a bakinta.

Imam Zahabi ya kawo cewa Abul Hasan Al-Ash'ari, wanda yawancin malaman ɗariƙa suke bi a aƙida, da ajalinsa ya kusa a Bagadaza ya kira wani yace ka shaida ni bana kafirta kowa cikin masu fuskantar alƙibla. Sai Zahabin ya ƙara da cewa haka ma Ibn Taimiyya, malamin shi Zahabin, yake faɗa a ƙarshen rayuwarsa, cewa baya kafirta kowa cikin al'umma. Ibn Taimiyyan da nake da tabbas sunansa baya fita daga bakin ƙaninki. Jagororin ɓangarorin biyu kenan, da suka kai ƙarshen karatun wuri ɗaya suka tsaya. A littattafan su ƙaninki kansu akwai bambanci tsakanin cewa wannan aikin kuskure ne ko bidi'a ne ko ma shirka ne, da nuna mutum da yatsa ace wane mushriki ne, na biyun yana da sharuɗɗa, sai an tabbatar ba jahilci, ba tawili, ba kuskure, ba tilas, kuma aikin alƙali ne da manyan malamai. Hadisi a Bukhari da Muslim yace wanda ya cewa ɗan uwansa kafiri to kalmar sai ta koma kan ɗayansu. Usama bin Zaid ya kashe mutum a fagen yaƙi bayan yace la'ilaha illallah yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi, Annabi yace masa ka tsaga zuciyarsa ne? yayi ta maimaita masa har Usama yaso ace ranar ya musulunta. Kuma ki tuna su waye suka fara tsayawa gaban Boko Haram da hujja tun kafin soja su shigo, malamai ne masu karatun aƙidar nan, Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yayi ta gargaɗi akan fahimtarsu kafin a harbe shi a masallacinsa na Ɗorayi yana limancin asuba a Afrilun 2007, Sheikh Albani Zariya ma haka har aka kashe shi a Fabrairun 2014. Dan haka ni a ganina matsalar ƙaninki ba yawan karatu bane, a tsakiyar hanya ya tsaya, ya karanta shafin tuhuma bai kai shafin sharuɗɗa ba.

Sannan zan gaya miki abin da idona ya gani, dan kar ki ɗauka in an cire maganar aƙida daga duniya mutane zasu daina yanka juna. A farkon Fabrairun 2002, sati ɗaya bayan bama-baman barikin Ikeja sun tashi garin yana cikin makoki, faɗa ya ɓarke a Idi-Araba tsakanin Hausawa da Yarbawa, lokacin muna haya a can ina da goyo. Waɗanda suka shigo layinmu da adduna ba wanda ya tambayi kowa Allah yana ina ko Ƙur'ani halitta ne, harshe kawai ake saurara, kuma na san a ɓangarorin biyu akwai waɗanda ranar Juma'a sahu ɗaya suke tsayawa. Wadda ta ja ni ɗakinta ta tura ni bayan labule ni da yara biyu wata Bayarabiya ce mai sayar da gari a ƙofar gida, 'yar cocin masu fararen kaya, ta ɗaura min zaninta tace in an buga ƙofa kar in yi magana, ɗan goyon ya fara kuka ta karɓe shi ta goya a bayanta ta fita tsakar gida tana jijjiga shi tana masa waƙa da yarbanci kamar jikanta. Da ƙura ta lafa ina mata godiya ina kuka, sama ta nuna da yatsa tace Olorun, wato Allah da yarbanci, yana kallo. Wannan ma aƙida ce fa ƙanwata, abin da ta yarda da shi game da Allah shine ya hana ta rufe ƙofa. Haka liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi jihar Filato, a Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, tsoho ɗan sama da tamanin ya tsaya a ƙofa ya ƙi buɗewa 'yan bindiga. Ba rashin tauhidi ne ya tsayar da shi a ƙofar nan ba.

Kuma ke da kike Legas kina gani kullum, gidan Yarbawa ɗaya uba alhaji uwa mai zuwa coci, su yi Ileya, wato babbar sallah, tare su yi kirsimeti tare, ban ce miki komai nasu za a kwafa ba, amma mutanen da suka saɓa akan waye Allah ma suna cin tukunya ɗaya balle uba da ɗa masu alƙibla ɗaya. Kuma ba dan basu da malamai bane, makarantar Markaz ta Sheikh Adam Al-Ilory tana nan a unguwarku tana yaye masu larabci da tauhidi shekara da shekaru.

Ni kaina akwai ranar da ba abin da ya riƙe ni sai karatun nan. 'Yata ta uku zazzaɓi ya ɗauke ta tana da shekara huɗu, a wani asibiti a nan garin da tsakar dare, na zauna a benci da takalminta ɗaya a hannuna ina ta lissafi da na kawo ta da wuri da kaza da kaza, hankalina yana neman barin jikina. Abin da ya dawo min shine muryar mahaifina Allah ya jiƙansa a zaure yana biya mana imani da ƙaddara muna yara muna maimaitawa bamu ma san nauyinsa ba, abin da ya same ka bai kasance zai kuskure maka ba. Shi ya tashe ni daga bencin nan. Shi kuma mahaifin nawa shine yake faɗa mana yadda Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake? yace muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, dan kar mu fake da ƙaddara mu ƙi zuwa asibiti. Darasi ɗaya, malam na kirki ya baka gefensa biyu.

Saboda haka maganar cire yara daga islamiyya ban goyi baya ba sam. Yaro baya tashi ba aƙida, in baki zaɓa masa mai koya masa ba waya zata zaɓa masa, ƙaninki ma ai ba a islamiyya ya ɗauko wannan ba, a guruf ya ɗauko, da yana da tushe tun yana ƙarami da ba kowane odiyo zai ɗauke shi ba. Abin da zaki yi shine ki sa ido. In sun dawo ki tambaye su me aka koya muku yau, ki saurari irin maganar da suke shigowa da ita gida, in kina jin Allah yana ganina, Allah yana son mai gaskiya, Annabi yana tausayin yara, to alhamdulillah. In kika fara jin su wane 'yan wuta ne, Malam yace kar mu gaida su wane, ko yaro ɗan shekara tara yana tambaya ko Kaka musulmi ne, kar ki jira sati ya zagayo. Ki sa hijabinki ku je ke da maigidanki ku gaida shugaban makarantar, ku tambaye shi cikin ladabi wurin wa yayi karatu, wane littattafai ake koyawa yara, sannan ki masa tambayar kai tsaye, Malam mahaifina ɗan Tijjaniyya ne ya halatta 'ya'yana su ci yankansa su bi shi sallah? Ba sai ya yarda da ɗariƙa ba, yana iya cewa shi yana da saɓani da su akan kaza da kaza wannan ba komai, ilimi ne, amma in ya kasa ce miki mahaifinki musulmi ne to ki canza musu makaranta, islamiyyu sun yi yawa a Agege.

Sai shi ƙanin naki. Ina so ki ɗan kalle shi ta wani gefen duk da na san ranki a ɓace yake. Saurayi ne da yake fita da mashin ya dawo da kuɗinsa ya miƙawa Mama na cefane, rana ɗaya aka raba shi da shi, ya koma mai roƙon kuɗin data, abokansa suna aure shi yana kwance a ɗaki. Sai ga wasu sun ce masa kai ne cikin 'yan kaɗan da suka gane gaskiya duk garin nan a ɓace suke. Wa zai ƙi wannan kujera? Ban ce ba da gaske yake son Allah ba, ina kyautata masa zaton da gaske yake, amma ciwon rashin aikin yana cikin abin, dan haka neman masa sana'a yana cikin maganin, ko keke ne na biya a hankali ko wani ɗan uwa a kasuwar Mile 12 ya riƙe shi a rumfa, mutumin da ya wuni yana sauke kwandon tumatir da Bayarabe da Inyamuri da Banufe kansa baya zama yadda na mai wuni a ɗaki yake.

Kar ki yi musu da shi akan Tijjaniyya, bazaki ci ba, ya haddace amsoshi, kuma duk musun da kika yi ƙara masa tabbaci kike cewa shi ne baƙon da ake ƙi saboda gaskiya. Kar kuma a kai shi gaban shehin Baba, a idonsa wannan ba alƙali bane. Ki nemi dattijon malami daga ɓangaren da shi yake girmamawa, cikin malaman sunna na nan Agege ko Idi-Araba waɗanda suka yi karatu mai zurfi gemunsu ya yi fari, maigidanki ya fara zuwa shi kaɗai ya faɗa masa komai har maganar kwanon, ya ji bakinsa tukuna, in ya ga mai hankali ne sai a san yadda za a haɗa su ba tare da yaron ya ji an kai ƙararsa ba. Ke kuma in kun keɓe, ba gaban mutane ba, tambaya ɗaya zaki masa da sanyin murya, kice ƙanina mu ɗauka ma duk abin da kake faɗa akan Baba haka ne, me Allah yace ayi da iyaye a suratu Luƙman aya ta 15? iyayen da suke yaƙar ɗansu akan lallai sai yayi shirka, Allah yace kar ka bi su amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar mahaifiyarta ta zo mata Madina tana mushrika ta gaske, Annabi yace ki sada zumunci da mahaifiyarki. To ina ga tsohon da ya tashe ka sallar asuba tun kana ɗan shekara bakwai. Ki faɗa ki tashi, kar ki jira amsa, irin wannan maganar cikin dare take aiki.

Amma akwai alamomin da in kika gani ba maganar lallashi bace kuma. In ya daina bin kowane masallaci har na 'yan uwansa yace duk limaman gwamnati ne, in ya koma guruf na ɓoye yana goge saƙonni, in ya fara yabon masu kisa ko maganar yin hijira zuwa wani daji, ko ya fara sayar da kayansa ba dalili, ranar ki gayawa maigidanki da kawunnanku a tara manya har limamin unguwa da fadar Sarkin Hausawa in ta kama, kar kunyar tonon asirin gida ta sa ku yi shiru. Daga abin da kika rubuto bai kai nan ba, kuma da yawa irinsa da na sani sun dawo, wasu bayan shekara ɗaya wasu sai da suka yi aure suka haifi nasu.

Baba kuma ki je ki zauna kusa da shi, ki roƙe shi dan Allah kar ya yi masa baki ko a zuci, ki bashi labarin ɗaliban zamanin Shehu dan ya san ba shi aka fara yiwa ba kuma Shehu da kansa ya tsaya wa irinsa. A tabbatar yana shan maganin hawan jininsa kullum ba sai ya ji jiri ba, a rage masa gishiri da magi. Mama ta cigaba da zuba wa yaron abincinsa kamar kullum, a bar naman a gefe tunda baya so, ba habaici ba gori. Ranar da Baba zai koma asibiti awon jini kice ke bazaki samu zuwa ba yara suna makaranta, ki kira ƙaninki kice shi zai raka shi, ki bashi katin asibitin da kuɗin keke a hannunsa, ki bar su su biyu su bi layi tare. In maigidanki ya je wurin malamin ki rubuto min abin da yace, kalma da kalma in zai yiwu, daga nan sai mu san mataki na gaba.